Makon Gauta Tara

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na raba wa jama'a makullin ofishinmu da bakina ba.

Lokacin ina masinja a wani kamfanin hayar tarakta, babban ofis a Ƙaraye, reshe a Rogo. Babu tarho, sai rediyon oba-oba. Ita kuwa oba-oba, duk mai irinta yana jin ku, kuma kowane ƙato zai iya cewa shi ne manaja. Shi ya sa manajanmu, Alhaji Sabo, ya kafa doka: duk Litinin zai rubuta kalmar sirri ya liƙe a ambulan, in kai wa Malam Iliya mai kula da reshen Rogo hannu da hannu. Umarnin da bai zo da kalmar ba, tarakta ba ta motsi. Don wannan aikin aka ba ni babur (albarkacinsa har surukina ya fara shimfiɗa mini tabarma).

Wata Litinin ruwa ya tsuge, hanyar Rogo ta zama kunu. Na dubi ambulan, na dubi oba-oba, ɗakin ba kowa. Na ce wautar 'yan boko ke nan: ga na'ura mai kai magana, a ce mutum ya sha taɓo? Na farke ambulan na danna.

"Rogo, Rogo, Malam Iliya, ya ruwa? Kalmar makon nan Gauta Tara. Oba."

"Manaja ne ya ce ka faɗa ta nan?"

"Kai dai rubuta!"

Sau uku na maimaita. Aji huɗu na tsaya a firamare, amma ba na aikin rabi-rabi.

Ranar Laraba wata murya ta kira Rogo, ta ce Gauta Tara, a tura tarakta garin Yammedi. Aka tura. Kwana biyu tana noman gonar wani bawan Allah, mutanen ƙauyen Jajaye da aka yi wa alkawari suna zaune, danshi na wucewa. Suka cika ofis da faɗa. Na shige cikinsu ina girgiza kai, har ina cewa, "Wallahi amana ta ƙare."

Manaja bai tambayi kowa ba. Ya ɗauki oba-oba a gabanmu ya ce, "Duk mai ji na, wa ya san kalmarmu ta makon nan? Oba."

Nan take muryoyi suka fara amsawa ta rediyon: "Gauta Tara, ranka ya daɗe!"

"Gauta Tara, Alhaji. A gaida masinja, muryarsa tana fita tas."

Har wani direban tirela ya sa baki.

Alhaji ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Na ɗora masa makullin babur. Shekara biyu ina kai ambulan Rogo a keke, rani da damina, kuma har yau a kasuwar Ƙaraye wasu Gauta suke ce mini.

Abin da na koya: kwaɗo da makullinsa ba sa bin hanya ɗaya. Taɓon da na guje wa a kan babur, da ƙafa na taka shi, ina tura keke.