Wurin Sarki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban mutanen gari huɗu ina yi wa dutse kirari ba. Yau gemuna ya yi fari fat, amma in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ina sabon malamin firamare a Kazaure, a shekarun nan da kuɗin mai suka fara zubowa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya ruga ya sayi babur da rediyo. Ni ma na saya, na ƙara da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da tabarau (idona lafiya lau, gilashin ma ba na magani ba ne). A ganina duk ƙasar Kazaure babu mai ilimina, in ka cire hedimasta, shi ma don yana riƙe da takardar hutuna ne.

Akwai wata 'yar ƙungiyar tarihi da ke zama duk ranar Asabar bayan la'asar a gindin wata tsamiya. Aikin sa kai ne, babu mai biyan kowa. Shugabanta Malam Ilu, mutumin Roni, sana'arsa sassaƙar dutsen niƙa kafin injin niƙa ya shigo ya kashe masa kasuwa. Shi ya kafa ta a shekarar da aka sami mulkin kai, don ya ga tsofaffi suna ta mutuwa da labarai a cikinsu. Sai Kofur Sale na Babura, tsohon soja da ya koma dillancin hatsi, mutum mai murya kamar yana kan fareti. Sai Inna Tabawa 'yar Gwiwa, ungozoma, wadda ta san wa ya haifi wa a rabin ƙasar nan. Ita ta yanke mini cibiya, kuma ba ta gajiya da faɗa a gaban jama'a.

Ni suka naɗa magatakarda saboda ina da biro da rubutu mai kyau. Gaskiya raina su nake yi. Mai sassaƙar dutse, da dillali, da ungozoma, su ne za su riƙe tarihi? Bayanin taro ma da Turanci nake rubuta shi, in karanta musu, su gyaɗa kai su ce madalla. Shekara guda ina zama da su ban taɓa tambayar ko ɗaya yadda ya yi rayuwarsa ba. Ɗan abin da na faɗa muku a kansu ma daga baya na san yawancinsa.

Sai ga takarda daga Kano, wani jami'i mai kula da kayan tarihi zai zo ya ga ƙungiyar. Ranar kuwa ta zo daidai da ranar zaɓen shugaba. Zaɓen nan kowace shekara abu ɗaya ne: Kofur ya ce, “Malam Ilu ya ci gaba,” kowa ya ce to, a shafa fatiha. Na ce a raina bana za a ga canji. Kujerar nan nake so, kuma a gaban baƙon Kano nake so in karɓe ta. Abin da ya rage kawai in zo da wani abin mamaki da zai nuna bambancin mai ilimi da mai jin labari.

Na hau babur na shiga yawon duwatsun Roni. A rana ta uku na faɗa wani fili da ciyawa ta cinye, ga guntayen bango, ga wani dutse a kife, rabinsa cikin ƙasa. Na ari fartanya wajen wani manomi na yi ta sara ta ko'ina har ya fito. Da na goge shi sai ga rubutun ajami a sassaƙe.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Makarantar allo ban yi nisa ba aka cire ni aka kai ni boko, ajami kuwa sai dai in haɗa baƙi da ƙyar. Na yi ta haɗawa ina gumi. Kalmar farko ta ba ni “wurin”. Ta biyu ta ba ni “sarki”. Kafin in miƙe tsaye na riga na gina birni a kaina, da ganuwa da ƙofofi, da wani sarki da ya yi mulki tun kafin jihadi, wanda babu wanda ya san da shi sai ni.

Na ɗaure dutsen a bayan babur na kai shi gida, na naɗe shi da bargon aurena na tura ƙarƙashin gado. Maiɗakina ta tambaya, na ce mata harkar ilimi ce. Kashegari na ɗauki mai hoto muka koma, na sa babbar riga na zauna daram a daidai ramin da na haƙo dutsen, hannu a gwiwa kamar mai karɓar gaisuwa. Na sa aka wanke hoton da yawa (wannan ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba).

Ranar taro aka cika ajin makarantarmu. Mutanen Roni sun zo, na Babura sun zo, na Gwiwa sun zo, har da wasu daga Achilafiya da suka biyo motar kasuwa. Na ɗora dutsen a kan tebur, na rufe shi da farin ƙyalle, na fesa masa turaren da nake ajiya don sallah. Na raba hotuna. Sannan na gyara tabarau na fara.

Na ce lokacin tarihin baka ya wuce. Na ce ƙungiya irin wannan tana bukatar shugaba mai takarda, wanda zai bar gindin tsamiya ya shiga daji ya yi bincike. Ina faɗa ina satar kallon Malam Ilu, shi kuwa yana jan carbinsa. Daga nan na yaye ƙyallen.

Malam Ilu ya dubi dutsen, carbin ya tsaya. Ya miƙo hannu ya ja gefen rigata, ya ce a hankali, “Malam, dakata tukuna, zo mu ɗan fita waje.”

Na fizge rigata. Na ɗauka hassada ce. Na ma ƙara ɗaga murya, na ba sarkin nawa dawaki da bayi, na ce a kan wannan wuri yake zama yana yanke hukunci, talakawa suna zuwa daga nesa suna durƙusawa. (Wannan kaɗai na faɗa daidai, sun durƙusa ƙwarai.)

Baƙon Kano ya ji daɗi. Ya buɗe wani babban littafi ya zare alƙalami, ya ce zai shigar da dutsen cikin kundin gwamnati. Sai Malam Ilu ya miƙe.

“Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, kada a rubuta.”

“Don me, Baba?”

“Don ni na sassaƙa shi.”

Malam Ilu bai dube ni ba, dutsen yake kallo. Ya ce filin nan da na je tsohon wurin awon gyaɗa ne, kafin fari da ciwon gyaɗa su tashe shi. Shekara biyu kafin mulkin kai, masu kawo gyaɗa a kan jakuna sun yi yawa, suna kwana suna jiran awo, suna ɓata bayan rumfa. Magatakardan awo ya sa aka kewaye wani lungu da zana, ya ce a yi masa alama mai ƙarko.

“Abin da na rubuta, wurin tsarki,” in ji shi. Ya ɗora yatsa a kan baƙin farko na kalma ta biyu. “Tsa tana da hannu a tsaye da ɗigo a sama. In suka fita sai ta yi kama da sa. Ɓallin nan kuwa sabo ne. Wanda ya haƙo shi ne ya fille mata hannu da ɗigon.”

Wato da kaina na naɗa sarkin, da fartanyar aro.

Wani can baya ya fara ƙyalƙyalewa, sai aji ya ɗauka. Kofur Sale ya ɗaga hotona sama yana nesa da shi daga idonsa, ya ce da muryar faretin nan, “Malam, a daidai ramin ka zauna? Ai na san wajen. Shekara uku ina kai gyaɗa can, ba ranar da ban kai gaisuwa fadar nan ba.”

Inna Tabawa daga kan tabarmarta ta ce, “Ku ƙyale mini ɗa. Turaren dai bai yi asara ba, wurin ya daɗe yana bukata.”

Baƙon Kano ya rufe littafinsa, ya sa hankici a baki, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa ina tsaye da farin ƙyalle a hannu, na rasa inda zan ajiye shi, na rasa inda zan ajiye idona. Kunya iri-iri na sha a duniya, amma ban taɓa jin wadda ta gangaro har tafin ƙafa ba sai ran nan. Abin da ya fi ci mini rai ma ba dariyar ba ce. Tsohon nan da na tsaya ina zagi a fakaice, shi ne ya ja rigata don ya rufa mini asiri, kuma da ba a zare alƙalami ba da ya bar ni da sarkina har mu keɓe.

Aka zo zaɓe. Kofur ya ce, “Malam Ilu ya ci gaba.” Hannuna ne ya riga na kowa tashi. Na yi niyyar in ajiye biro in gudu, Malam Ilu ya ce a'a, magatakarda ma ya ci gaba, kuma ya rubuta abin da ya faru yau daidai, da Hausa, don shi ma tarihi ne. Haka na zauna na rubuta wautata da hannuna, Kofur yana tsaye a kaina yana cewa na tsallake maganar hoto.

Aikin da aka ɗora mini daga nan shi ne in bi 'yan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya in rubuta rayuwarsu. Na Malam Ilu kaɗai ya cika littafi uku. A cikinsu na san inda kowace hanyar jakuna ta bi, da garuruwan da suka tashi, da dalilin tashinsu. Shi ya koya mini ajami kuma, muka fara daga tsa.

Hotunan kuwa ban iya tattaro su ba. Kuma har na bar makarantar nan, duk ɗalibin da fitsari ya matsa sai ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, “Malam, zan je wurin sarki.” Ba yadda na iya, sai in ce ya gaishe shi.

Tun daga ranar, in na ga tsohon abu ba na fara yi masa kirari. Sai in waiwaya tukuna in tambayi tsohon da ke zaune kusa da ni ko shi ya yi shi.