Yadda Ake Bikin Ranar Haihuwa a Omdurman Har a Rasa Ɗaki

Kai baƙon da ka zo daga Maraɗi kana aikin sabulu a Bahri, ƙetaren kogin Nilu nan Sudan, bi matakan nan. Na ba ka tabbacin unguwa ba za ta manta da ranarka ba. A Bukares ta Romaniya na yi karatu, inda ake hure kyandir a tafa. Na san aikin.

1. Dubi ɗakinka da kyau

Ɗakin hayar da Baba Ɗantsoho ya ba ka, mai taga da inuwar darbejiya. Samun irinsa sai wanda uwarsa ta yi wa addu'a. Ishaku, ɗan ƙanen Baba, ya daɗe yana zagaya shi. Ka riƙe wannan a ranka, sannan ka manta.

2. Gayyaci abokai

Idirisu makanike zai ce, "Ya zol, bawan Allah, wa ya haihu?" Ka ce kai aka haifa. Zai ce, "Sai yau labari ya iso?"

Kada ka ji haushi. Shi da rabin garejinsu na Alshajara a takarda ran ɗaya ga Janairu aka haife su, tun da likita ya leƙa haƙoransu ya yanka musu shekaru.

3. Ciyar da jama'a ba dalili

Sayi kek, sa a dafa waken ful, a kawo wainar kisra. Kira mutum biyar, tsakar gida zai cika. A nan ba a tara mutane kan abinci sai aure, suna, rasuwa ko tashi daga ciwo. Gogo Barakatu, matar Baba, za ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Mata ya samu?" A'a. "Jinya ya yi?" A'a. Sai ta dafe ƙirji: "Wayyo, yaron nan bankwana yake mana, kunya ta hana shi faɗa!"

Masu hikima sun ce baƙo ba ya buɗe hannu sai ya hango hanyar gida. Ni na faɗa, amma ba komai.

4. Yi jawabi

Miƙe ka ce, "Na gode da zaman da muka yi, wanda na ɓata wa ya yafe mini." Gogo za ta rushe da kuka. Kai kuma hure kyandir. Baba zai ce, "Kun gani? Har wutarsa ya kashe."

5. Karɓi kyaututtuka

Dabino, turaren wuta, ƙunshin lalle. Kada ka kwance, ba naka ba ne.

Mai miƙo maka zai ce, "Wannan na yayata ne a Kano, ai kan hanyarka take."

Idirisu zai rungume ka: "Mugu, da haka za ka sulale?" Ka rantse ba inda za ka. Kowa zai gyaɗa kai. Mai tafiya haka yake cewa, saboda baki.

6. Yi wa Baba bayani

A ƙofar ɗakinka za ka same shi, Ishaku na shigar da gadonsa.

"Baba, shekara kawai na ƙara!"

"Allah ya ƙara maka wata, ɗana. Amma na riga na yi wa Ishaku alkawari a gaban mutane. So kake in zama ƙaramin mutum?"

Za a naɗe maka ragowar kek. Guzuri ne.

Gargaɗi: marubucin nan ba ruwansa da kwanan gareji, ko cizon sauro, ko yayar wani da ke jiran dabino a Kano. Kuma kada ka nufo gidanmu. Ɗakin baƙinmu akwai ɗan Damagaram a ciki, wanda ya yi nasa bikin bara.