Ranar da Kwamfuta Ta Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a shagonmu na Kabara ba, ranar da saura ƙiris in raba dattijo da aikinsa saboda rubutuna na layi ɗaya.

Muna haɗa na'urar auna ruwan tanki ne. Baba Inuwa, tsohon mai gyaran rediyo, shi ya harhaɗa katin da ake sokawa a cikin kwamfuta, ni kuma na rubuta direba, wato ɗan shirin da ke fassara tsakanin katin da kanel, zuciyar manhajar kwamfutar. (A lokacin digirina bai huce ba, ina tafiya kamar ni na ƙirƙiro lantarki.)

Da an kunna katin sai komai ya koma tafiyar hawainiya: intanet ta ɗauke, allon rubutu, wato kibod, ya daina ji. Kwana uku ina gaya wa Injiniya, mai shagon, cewa laifin katin ne.

"Yallaɓai, hannun Baba rawa yake yi. Wannan fa ba rediyo ba ce."

Ranar Larabar Injiniya ya tara mu, ya ce in katin ne, Baba zai huta. Baba bai yi musu ba. Ya ɗora tsinken mitarsa ta gwajin lantarki a kan wata ƙafa ta katin, ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi Injiniya.

"Malam, katin nan sallama yake ta yi, ba a amsa masa ba."

Na yi dariya. Injiniya bai yi ba. Ya jawo kujera ya fara yi mini karatun da na rantse na haddace. Na'urori uku ne, in ji shi, suke tarayya a layi guda na kiran kanel: katin intanet, mashigar allon rubutu, da namu. Kamar gidan gandu mai zaure ɗaya. In an yi sallama, kanel ba ta san baƙon wa ba ne, sai ta bi direbobin ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, "Naka ne?" Kowa ya leƙa na'urarsa. In nasa ne ya sallame ta ya ce nawa ne, in ba nasa ba ya faɗi gaskiya. Idan kuwa kira ya ƙi ƙarewa kuma kowa ya ce ba nasa ba ne, sai ta rufe layin gaba ɗaya don kada kwamfutar ta ƙare a amsa ƙofa.

Ya buɗe kundin da kanel ke rubuta abin da ya faru. Ga shi da Turanci ƙarara: an yi ta kira, babu wanda ya kula, an rufe layi. A ƙasa ta jera direbobin da ta tambaya. Na ƙarshe shi ne nawa, da sunan da na raɗa masa da kaina: gwani.

Sai ya buɗe rubutuna a babban allo. Direban nawa ko leƙa katin ba ya yi, amsa ɗaya na liƙa masa: ba nawa ba ne. A gefe kuma ga tunatarwar da na bar wa kaina mako uku da suka wuce: "Zan gyara bayan La'asar."

Na so ƙasa ta tsage. Amma wallahi har a cikin kunyar mamaki ya fi ƙarfina. Injiniya ya ce kusan sau dubu ɗari take tambaya kafin ta yanke hukunci, duk cikin ɗan lokacin da bai kai a kurɓi shayi ba. Sau dubu ɗari ana yi mata ƙarya, ba ta zargi kowa ba, ta dai rubuta abin da ta gani. Ni kuwa ko sau ɗaya ban duba ba na yanke wa dattijo hukunci.

Na durƙusa na ba Baba haƙuri. Ya naɗe wayar mitarsa, ya dafa kafaɗata.

"Ba komai, ɗana. Sai dai La'asar ɗin wace rana kake nufi?"

Tun daga ranar, in abu ya lalace, kafin in ce ba nawa ba ne sai na fara leƙawa. Abin haushin, sau da yawa nawan ne.