Ɗanyen Ciku a Zauren Malam Hudu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da idona ya fara sauka a kan bishiyar nan ba. Na taso daga firamaren da nake koyarwa a Ƙofa, na bi da kekena ta gefen lambunan Bagauda don in sami inda zan yi tunani (a lokacin tunani ne babbar sana'ata, koyarwa na biye). Bazara ce, komai ya bushe ya yi fari, sai ga wata bishiya ita kaɗai kore shar, ganyenta na sheƙi kamar an shafa masa mai. 'Ya'yanta kuwa munana ne, ruwan ƙasa, kamar an rataye dankalin Turawa a reshe. Na dafa keke na tsaya ina kallo. A raina na ce wannan bishiya irina ce: baƙuwa, ita kaɗai, ba wanda ya san darajarta. Haka nake a wancan zamanin. Ko akuya na gani ta ware daga garke sai in ce irina ce.

Mai lambun wani tsoho ne, Baba Tanko, cikin mutanen da ruwan madatsar Tiga ya tasa daga garuruwansu. Ya ce sunanta ciku. Yana saurayi ya yi wa wani Ba'indiye malamin sakandare aikin lambu, da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa dashe uku, biyu suka mutu, wannan ta rayu. (Daga baya na gani a waya wai Turawa safodila suke ce mata. Sunan bai ƙara ni da komai ba.) Ya shiga 'yar bukkarsa, ya tura hannu cikin wata tukunya cike da dusa, ya zaro ɗaya, ya matsa shi da yatsu ya rabe biyu, ya miƙo min.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar an narka mazarƙwaila an kwaɓa da dabino, an zuba cikin fata mai laushi. Na lumshe ido. Baba Tanko ya shiga yi min bayani, ina jin muryarsa sama-sama, yana maganar farce, yana maganar dusa, yana maganar kwanaki. Ni kuwa tuni na bar lambun. Ina can ina ganin kaina na miƙa wa Sa'adatu rabi, tana ɗan sunkuyar da kai, iska na kaɗa gefen mayafinta. Abin da kawai na riƙe shi ne maganarsa ta ƙarshe: "Lambun naka ne, Malam. Duk ran da ka yi marmari ka zo."

Sa'adatu ita ce wadda nake nema. Shekara guda ina zuwa zance gidansu, ina karanta mata jimlolin da na haddace daga littattafan soyayya da nake sayowa duk ran da na shiga Kano. Akwati guda gare ni na su a ƙarƙashin gado. Ita kuwa yarinya ce mai hankali, tana karatun aikin jinya, in na ce mata "ke ce fitilar da ke haska duhun zuciyata" sai ta ce, "Malam, ka ci abinci kuwa yau?" Amma tana sona. Wannan kam ba mafarki na yi ba.

Saura abu ɗaya. Mahaifinta, Malam Hudu, manomin albasa da shinkafa, mutum mai ƙarancin magana, ya ce in je ranar Juma'a bayan la'asar ya gan ni. In ya gamsu zai ce in turo magabatana. In bai gamsu ba, shi ke nan. Na kuma sami labari ya taɓa tambaya, "Malamin nan ya san yadda ake riƙe fartanya kuwa?"

"Me zan kai masa?" na tambayi Sa'adatu.

"Goro mana, kamar kowa."

"Kamar kowa?"

"Kamar kowa, Malam. Kuma don Allah ban da doguwar Hausa. Abin da ya tambaye ka shi kaɗai za ka amsa."

Kalmar nan ta "kamar kowa" ita ta kashe ni. A duk littattafan da ke cikin akwatina ba jarumin da ya taɓa kai wa suruki goro. Sukan zo da abin da idon garin bai taɓa gani ba, a yi tsit, uban yarinya ya share hawaye ya ce "na ba ka."

Ranar Juma'a da safe na nufi lambun da sabon kwando. Na tarar da bukka a kulle, maƙwabcinsa ya ce Baba Tanko ya tafi Doguwa ta'aziyya, sai gobe. Ban damu ba. Ai ya ce lambun nawa ne. Kuma a ganina na cikin dusa kwantai ne, na tsofaffi; abin da za a kai wa suruki dole ya zama sabon tsinka. Na cire takalmi na hau. Duk wanda na tsinka sai wani farin ruwa mai danƙo ya biyo hannuna, kamar na tumfafiya. Na ji su da tauri kamar duwatsu, amma na ce kafin la'asar za su saki. Na tsinka, na tsinka, sai da na cika kwando fam, na bar rassan ƙasa fayau. Na rufe da sabon ƙyalle, na koma gida na sa farar shaddata ta sallah.

A zauren na tarar da Malam Hudu da ƙaninsa Baffa Sale, wani mai faɗin baki da son raha. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa a gefen tabarma, na gaishe su kaina a ƙasa. Har zuwa nan komai daidai. Aka tambayi iyayena, aka tambayi aiki. Sai na tura kwandon gaba, na yaye ƙyallen a hankali yadda na gwada sau uku a ɗakina.

"Wannan kuma fa, Malam?" in ji Malam Hudu.

"Ciku ne, Baba. Ɗan itacen ƙasar Indiya."

"Allah Sarki. Daga ina?"

Nan ne maganar fartanya ta faɗo min a rai. Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni.

"Daga ɗan lambuna ne, Baba. Da hannuna na dasa."

"Kai!" in ji Baffa Sale. "Yaya, ashe Malam namu ne! Ana ta cewa alli kawai ya sani. To shekara nawa take yi kafin ta haihu?"

"Biyu," na ce. "In ta sami taki, ɗaya da rabi."

Malam Hudu ya miƙa hannu cikin kwandon. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya karce bayansa da farcen babban yatsa. Wurin ya fito kore shar. Ya daɗe yana kallon koren nan, sannan ya ajiye shi a gabana.

"Ka tabbata sun yi, Malam?"

"Sun yi, Baba. Lokacinsu ke nan."

"To mu mutanen ƙauye ne. Yaya ake cinsa?"

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba a cin abu gaban suruki. Da na sunkuyar da kai na ce "Baba, a gafarce ni," da kunya ta rufa min asiri, har a yaba min. Ƙofa ce ya buɗe min, faffaɗa. Amma ni a lokacin ina jin motsi a bayan ƙyauren cikin gida, na san Sa'adatu ce ta kawo ruwa ta tsaya tana saurare. Na ce yau za ta ga jarumi. Na yi bisimilla na kafa haƙori.

Da farko ƙara na ji, ƙaras, kamar na ciji ɗanyen rogo. Sai baurin ya zo. Ban taɓa sanin akwai bauri irin wannan a duniya ba. Yawun bakina ya ƙafe ƙaf. Harshena ya yi kauri kamar an naɗe shi da tsumman buhu. Danƙon ya manne min leɓɓa, ya bi haƙora, wani ya ɗiga a gaban farar shaddar. Na tauna, abin ya ƙi wucewa, ya ƙi dawowa.

"Yaya, Malam?" in ji Baffa Sale, yana leƙa fuskata. "Da daɗi?"

"Haka... haka ake cinsa," na ce. Muryar da ta fito ba tawa ba ce.

"To ƙarasa mana, ai ba kyau a bar abinci."

Na ƙarasa. (Eh, na ƙarasa. Har yau in na tuna sai in ji muƙamuƙina ya ɗaure.) Na cinye shi tas, hawaye na zuba, ina gyaɗa kai wai ina jin daɗi, na tofar da baƙaƙen ƙwallayen a tafin hannuna na rasa inda zan ajiye. A bayan ƙyaure na ji an dire faranti a ƙasa, kofuna suka yi ƙara, sai takun tafiya ya yi cikin gida. Ruwan nan bai iso zauren ba.

Baffa Sale ya daina dariya. Malam Hudu ya gyara zama.

"Malam, ni da Tanko katanga ɗaya ta raba gidajenmu kafin ruwa ya ci garinmu. Ranar da ya dasa bishiyar nan ni na ɗebo masa ruwa. Shekara bakwai muna zuwa muna duba ta kafin ta yi fure. Duk shekara sai ya aiko min da nunannu." Ya dubi kwandon. "Waɗannan ba su ƙosa ba. Ko wata guda suka yi a dusa ba za su nuna ba, yanƙwanewa za su yi. Ka cinye wa tsoho shekararsa."

Na buɗe baki. Ina da jimloli, jama'a, ina da su cike da akwati, na neman gafara, na nadama, masu sa dutse kuka. Leɓɓana suka ƙi rabuwa.

"Tsinko ɗanye ba komai ba ne," ya ci gaba, a hankali, ba faɗa. "Rashin sani ne, kowa na yi. Amma sau uku ina ba ka hanya. Mutumin da zai cinye wannan a gabana don kada ya ce bai sani ba, in na ba shi 'yata, ranar da abu ya lalace a gidansa wa zai faɗa wa? Tashi ka mayar wa Tanko kayansa. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Na fito da kwando a hannu ɗaya, ƙwallaye a ɗayan. Sai da na kai bakin titi na lura ban sa takalmi ba. Ban koma ba.

Washegari na kai wa Baba Tanko. Na so ya zage ni, da na sami sauƙi. Ya zazzage su a ƙasa, ya tsuguna yana karce su ɗaya bayan ɗaya, ko zai sami wanda za a ceta. Ya ware huɗu. Ya ɗaga kai ya dubi rassan, ya daɗe.

"Da ka jira ni, Malam," ya ce. "Akwai shida a tukunya, sun yi laushi. Na Hudu ne ma na ajiye. Da kai na ba ka ka kai masa."

Ban sake bi ta hanyar lambun ba. Na rubuta wa Sa'adatu wasiƙa shafi huɗu, na sa wata, na sa taurari, na sa kabarin da za a binne ni in ta guje ni. Amsarta ta zo a bayan wata takardar darasi, layi ɗaya: "Na ce maka goro." A ƙarshen zangon na nemi canjin wurin aiki, aka tura ni Doguwa.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma da tsada na saye shi. "Ban sani ba" kalma uku ce, ba ta ɗaure baki, ba ta ɓata shadda. Sannan in tsoho yana maka bayani, ka bar mafarkin sai ka koma gida.

Shekara goma sha ɗaya bayan nan, wata safiya na kai matata Hauwa wani asibiti a Tudun Wada, haihuwa ta zo da gardama. Aka ce in je wurin babbar ma'aikaciyar jinya in ba da bayani. Na shiga, sai ga Sa'adatu a bayan tebur, ta yi ƙiba, ta sa tabarau, ƙananan ma'aikata na ce mata Anti. Na ji a bakinsu mijinta ɗan Kiru ne, 'ya'yansu huɗu. A littafi da nan ne biro zai faɗi daga hannunta. Bai faɗi ba. Ta dube ni sau ɗaya, ta ce, "Malam, sannu. Zauna." Ta tambayi sunan mai haihuwa, ta tambayi shekarunta, ta tambayi haihuwa ta nawa.

"Rukunin jininta fa?"

Na ji wani harafi ya taso min har bakin leɓe, tsaf, kamar na sani. Na haɗiye shi.

"Ban sani ba."

Ta ci gaba da rubutu, ba ta ɗago ba.

"To madalla," ta ce. "Yanzu za mu gwada. Je ka jira a waje."