Makuba a Cikin Bututu

Ni ne wawan wannan labari, na amsa tun kafin a kira shaidu.

Bututun ƙarfen da ke riƙe da rumfar ƙofar gidana ya ci tsatsa ya karye. 'Yata Hadiza, injiniya, ta sa aka zura guntayen biyu cikin wani bututu mai faɗi, za a ɗura siminti a tsakani ya kama su. Ni kuwa jikan magina ne, kuma aji huɗu na yi, amma da kyau. Tana juya baya na tuttula ruwan makuba a kwaɓin, irin wanda kakana ke shafe katanga da shi.

Bayan mako guda na tara 'yan majalisa, na cire tokarar da aka yi wa rumfar, na ce, "Ku ga aikin gado!" Na rungumi bututun na yi lilo. Simintin ya zubo kamar tsaki, kwanon rufi ya sauko mini a ka. Har yau a Ƙofar Jatau Injiniya Makuba ake kirana.

Matata Hajiya na shafa mini man zafi, na ce simintin zamani ba shi da albarka.

Ta ce, "Malam, gadoji yake riƙe da su a ƙasar nan. Sai da ya haɗu da kai ya saki."