Ɗaya Shida a Jere

"Ni fa lamba ko daga nesa na hango ta, na san halinta da danginta!"

Wannan cika bakin Malam Kwamfuta ke nan. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ka sani. Dukiyarsa biyu ce a duniya: wata tsohuwar mota mai tari, da gashin baki murɗaɗɗe da yake shafa wa mai safe da yamma.

Ran nan ya faɗo shagon aski yana haki, ya ɗaga waya sama. Mitar motarsa ce ya ɗauka a hoto, ta nuna ɗaya guda shida a jere: 111,111.

"Ku kalli sarauniya! Mara ce, ba cika ba. Kuma tana cikin lambobin nan masu taurin kai, waɗanda ba a raba su daidai sai da ɗaya ko da kansu."

Wata malamar lissafi da ta kawo mahaifinta aski ta ce, "Anya kuwa, Malam?"

"Anya? Malama, duk lambar da ta raba ta ba saura, a aske min wani abu a kaina!" Ya haye kujera da kansa, ya harɗe ƙafa.

Malama ta latsa wayarta. "Uku ta shiga. Dubu talatin da bakwai da talatin da bakwai, cif."

Mai aski ya kunna kilifa. Zuuu! Rabin gashin baki ya sauka a cinya.

"Uku ai 'yar shisshigi ce, ko'ina sai ta cusa kai," in ji Kwamfuta yana shafa leɓe. "Gwada bakwai, ki ga ikon Allah."

Bakwai ta shige kamar gidan ubanta. Ɗaya rabin ya bi ɗan'uwansa.

Mahaifin Malama ya ce, "Ɗana, ka tashi haka nan da sauran mutuncinka."

"Baba, ƙananan lambobi ne ke min sharri. A je sama! Sha ɗaya!"

Sha ɗaya ta raba ta tas. Aka kwashe suma, kai ya fito fes yana ƙyalli kamar sabon kwano.

"Wayar nan ta jabu ce!" Gumi na keto masa. "Mai aski, kawo taka. Sha uku!"

Mai aski ya latsa, ya nuna masa, ya ce, "Rufe ido, Malam." Gira ta tafi.

Kwamfuta ya dubi madubi, wani dafaffen ƙwai ya dube shi. Ya miƙe a sanyaye zai sulale.

"Malama," in ji mai aski yana kaɗe tsumma, "saura nawa ke raba ta?"

"Ashirin da shida."

Mai aski ya leƙa kan Kwamfuta gaba da baya, bai ga abin kamawa ba. Ya ce, "To Malam, ba ma matsa wa mutum a shagon nan. Duk abin da ya tsiro, ka riƙa kawowa."