Ranar Da Zumuntar Mata Ta Je Gaida Masu Jirgin Sama

Jama'a, ku yi mini afuwa idan rubutun yau ya fito a karkace. Kafaɗata ta dama har yanzu ba ta dawo daidai ba, domin jiya ni na ɗauko kular gwaten acca tun daga unguwar Aduwan har bakin wani babban otal a garin nan, a tsakiyar mata masu anko, ana buga tulu ana kaɗa caki a kunnena. Ni da ko a coci bayan ginshiƙi nake zama don kada a ce in yi addu'ar rufewa, sai ga ni a gaban manyan mutane ina yi musu tafinta. Bari in ba ku labarin daga tushe.

Mama Paulina yayar mahaifiyata ce, kuma ita ce Uwar Zumunta a cocinmu. 'Yarta Selina tana aikin hidimar fasinja a cikin jirgin sama, a wani kamfani mai suna Tsattsewa, fiye da shekara goma ke nan. Bara wani kamfani da ya fi shi ƙarfi, Shamuwa, ya saye shi. A talabijin an ce mana haɗuwar 'yan'uwa ce, an yanka kek, an rungumi juna. Kek bai gama narkewa a ciki ba sai sabbin masu gida suka ce duk ma'aikacin Tsattsewa sabon ɗauka ne. Shekarunsa na baya sun bi iska, zai fara da watannin gwaji, wanda bai yi musu ba ya kama hanyar gida hannu rabbana. Wato Selina, wadda ta koya wa yara da yawa yadda ake tura keken abinci jirgi na rawa, za ta koma ana gwada ta ko ta iya zuba shayi.

Ƙungiyar ma'aikata ta ce ba ta yarda ba. Na ce ƙungiya, amma biyu ne, kowane kamfani da tasa, kowace da shugabanta: Kwamared Babba da Kwamared Wanda Ya Ce Shi Ne Babba. Aka fara zama da shugaban kamfanin Shamuwa, Mai Girma Oga Kwata-kwata, a Legas, ma'aikata suka riƙa cika bakin ƙofa da kwalaye suna ihu. Sai manyan suka yi tunani mai zurfi, suka ce a nemo garin da jirgin sama ba ya sauka, inda ma'aikaci ba zai hau kujerar alfarma ya zo ya dame su ba. Aka duba taswira, yatsa ya faɗa kan Kafanchan.

A nan dole in jinjina musu. Mu mutanen jirgin ƙasa ne, na sama sai dai mu ɗaga kai mu ga wucewarsa. Hikima irin wannan ba a samun ta sai a ofis mai sanyi.

Maƙwabcinmu Baba Meshak shi ke tuƙa bas ɗin otal ɗin da manyan suka sauka, kuma kullum da yamma yana ba mu rahoto a ƙarƙashin mangwaro. Ranar farko, in ji shi, an ƙare ta ne kan wane kwamared zai zauna a hannun daman Oga. Washegari aka ce kawuna sun yi zafi, ya kai su Matsirga su kalli ruwa yana zubowa. Daga nan sai Nok, suka je ganin kawunan yumɓun kakanninmu.

"Sun yi maganar ma'aikata a hanya?" na tambaye shi.

"Milka, sun tsaya suna kallon kawunan nan, kawunan ma suna kallonsu. Ban san wanda ya fi wani shiru ba."

"To me suke yi a mota?"

"Cinikin citta. Kwamared ɗaya ya taya buhu har mai citta ta kusa kuka. Na ce a raina, ashe mutumin nan ya iya ciniki, wurin da zai yi ne bai sani ba."

Ranar Alhamis Baba Meshak ya ce gobe bayan abincin rana za su tafi, har an buga sanarwar bayan taro, wai tattaunawa ta yi armashi, za a ci gaba nan gaba. Mama Paulina tana gefe tana tsince wake. Ni na ɗauka maganar aikin Selina ce za ta tayar mata da hankali. Ina! Ta ajiye faranti ta dafe ƙirji.

"Meshak, kana nufin iyayen gidan Selina suna garin nan tun Litinin, babu wanda ya je gaishe su daga gidan nan? Ko ruwa? Yesu! Za su koma Legas su ce yarinyar nan daga daji ta fito."

Wanda ba ɗan nan ba ne ba zai gane girman wannan laifi ba. A wurinmu idan mai gidan ɗanka ya shigo gari, ko hedimasta ne ko maigidan kanikanci, dole ka dafa abinci ka kai masa, ka gaishe shi, in zai tafi ka raka shi. In ba ka yi ba, za a riƙa tuna maka har a wurin jana'izarka.

Na kira Selina a ɓoye, ita kuma ta kira uwarta tana roƙo. Muryarta har waje ake ji.

"Mama, don girman Allah kada ki je. Mutanen nan ba su san ni ba. In kika ambaci sunana, ni za a fara kora."

"Za a kore ki don uwarki tana da tarbiyya? Ki kashe waya, kina ƙona kati."

Da safe mata suka hallara, kowace da zanin zumunta da ɗankwali, wasu da kuloli, wasu da kujerun roba a ka. Ni aka ce in zo saboda na yi jami'a, Turanci ba zai ba ni tsoro ba. Ban gaya musu cewa mutane ne ke ba ni tsoro ba. Mai gadin otal ya taso da ƙarfinsa zai hana, sai ya hango matar da ta riƙe shi ranar baftisma a layin gaba. Ya buɗe ƙofa duka biyu, ya karɓi kula ɗaya.

Mun isa daidai lokacin da manyan ke fitowa daga zauren taro, ana jan akwatuna a bayansu, motoci sun juya hanci waje. Matan suka jera kujeru a baranda, wasu kuma a inuwar motocin, gaba da baya, tunda nan ne inuwa take. Mama Paulina ta rusuna ta yi gaisuwa tun daga gajiyar hanya har lafiyar iyali, ina juyawa da murya kamar ta sauro. Oga Kwata-kwata ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce a ɗauki hoto, ya ce wannan ita ce al'adar Afirka. Aka zuba masa gwate ya sha, ya yi gumi, ya nemi ƙari. Sannan ya duba agogo ya ce to, Mama, sai wani jiƙon.

"Tambaye shi," in ji Mama, "an gama aikin da ya kawo su?"

Na tambaya. Ya ce ana kan tattaunawa, an samu ci gaba mai ma'ana.

"Wato ba a gama ba."

Na ce, "Kusan haka ne, Mama."

"Ayya. To ku koma ciki, 'ya'yana. Mu a nan ba ma raka baƙo da aikinsa a hannu, abin kunya ne ga gari. Ku yi a hankali, kada ku damu da mu. Za mu taya ku da waƙa."

Kafin in gama juyawa an buga tulu. Duk wanda ya taɓa zama a taron Zumuntar Mata ya san waƙarsu ba ta da ƙarshe, sai dai mai bayarwa ta gaji, kuma jiya masu bayarwa sun zo da yawa.

Kwamared Babba ya matso ya gyara hularsa mai jan baki, ya ɗaga hannu. "Iyayenmu mata! Gwagwarmaya tana buƙatar haƙuri da dabara. Mu da muke wakiltar..."

"Kai ne shugaban su Selina?" Mama ta katse shi.

"Ni ne, Mama."

Sai ɗaya kwamared ɗin ya ce daga baya, "A'a, ni ne."

Mama ta dube su ɗaya bayan ɗaya, daga tumbi zuwa takalmi. "Masha Allah, ku biyu duk kun yi kyau, kun murje. Ubangiji ya ƙara. Ita dai ta rame."

Wata tsohuwa a baya ta ce, "Wane ne ya sayi cittar Ladi? Ta ce in gaishe shi, wai ta yafe."

Daga nan Oga ya gwada hanyar da ya saba. Ya sa aka miƙo ambulan, wai a sha ruwa a hanya. Mama ta karɓa da hannu biyu, ta ce a tashi a yi addu'a a kan baiko, wato kyautar. Addu'ar ta bi ta kan Oga, da matarsa, da 'ya'yansa, da injin kowane jirgi nasa, da tayoyin. Da aka ce amin, sai aka ce ai kyauta tana da waƙar godiya tata daban. Oga ya aika direbansa ya duba ƙofar baya ta kicin. Direba ya dawo yana tauna nama, ya ce akwai wasu matan a can suna ɗumama miya, sun ce a gaida Oga.

Na ji da kunnena lokacin da Oga ya ja manajan otal gefe ya ce a kira jami'an tsaro.

"Ranka ya daɗe, in ce musu me? An kawo maka abinci?"

"Sun tare motoci!"

"Inuwa suke sha, ranka ya daɗe. Waccan mai jan ɗankwali kuma surukata ce. Kai gobe kana Legas, ni ina nan."

Abin da ya karya su a ƙarshe rana ce. Babban mutum zai iya jure yunwar ma'aikaci shekara da shekaru, amma ba zai yarda duhu ya same shi a hanyar Abuja, inda zai hau jirgi, ba. Na ga Oga yana kallon inuwar bishiya tana tsawo, yana kallon agogo, yana kallon matan da suka fara buɗe ƙullin gyaɗa kamar masu shirin kwana. Ya juya ya shiga zaure. Kwamared biyu suka bi shi da sauri, kuma Baba Meshak ya rantse kowa kujerar da ya fara samu ya zauna, babu wanda ya tuna hannun dama.

Ban san abin da aka faɗa a ciki ba. Mun dai ji ana ɗaga murya, an bugi tebur, wani ya leƙo ya roƙi a rage kiɗa, Mama ta ce a ƙara don su ji ƙarfin gwiwa. Abin da aka kasa yi tun bara, sai ga shi kafin la'asar an fito da takarda da sa hannun mutum uku: shekarun ma'aikatan Tsattsewa suna nan daram, babu gwaji, babu sabon ɗauka.

Mama ta ce in karanta mata. Na karanta, na juya.

"Ban ji sunan Selina ba."

"Mama, duk ma'aikatan ne gaba ɗaya."

Ta ce, "To, ba laifi. Sauran ma 'ya'yan wasu ne."

Sannan aka yi rakiya yadda ta kamata. Matan suka shiga gaban motocin suna taku ɗaya-ɗaya, ana waƙa ana juyi, har babban titi. Oga yana ciki gilashi a rufe, da kular gwate a cinyarsa, domin ba a mayar da guzuri.

Yau da safe na ga sanarwa a waya. An yaba wa jajircewar shugabannin ƙungiya da suka hana idonsu barci, da hangen nesan hukumar kamfani, da kuma yanayin natsuwa na garin Kafanchan. Ni ma ina taya su murna, domin aiki ne ba ƙarami ba mutum ya sa hannu ana buga masa tulu a ƙeya. Selina ta kira tana dariya tana kuka, ta ce abokan aikinta suna tambaya ko uwarta tana karɓar gayyata.

A ƙasan sanarwar an ce sauran batutuwa, hutu da kuɗin kwana a hanya, za a tattauna su wata mai zuwa a Dubai, don a samu cikakkiyar natsuwa. Na karanta wa Mama. Ta ci gaba da wanke tulunta, can ta ɗago.

"Milka, Dubai ɗin nan, akwai 'yan cocinmu a can?"

Na duba, ranku ya daɗe. Akwai, har da reshen zumunta. Ban ba ta lambar wayarsu ba tukuna, amma ku sani ni mutum ce mai kunya, ba na iya ce wa babba a'a sau biyu.